Banɗakin Inna Ya Kalli Gabas

Wata rana, ana tsakiyar zafin bazara, wani bawan Allah mai suna Mansir ya tsaya a ƙofar wani banɗaki a gidansa da ke Kaduna, ya ce a fasa.

A fasa duka. Baho, tayil, dandamali, har ƙofar.

Ba hauka ya yi ba. Mahaifiyarsa ce ta faɗi.

Inna Kulu tsohuwa ce mai shekara saba'in da 'yan kai, tana zaune a ƙauyensu can bayan Malumfashi. Ran nan da safe ta shiga makewayi da bokitinta, ta zo hawa ɗan dandamalin da ta shekara arba'in tana wanka a kai, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Nan ta zube.

Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa mata ɓarin hagu. Bakinta bai karkace ba, hankalinta garau, amma ƙafar sai dai ta ja ta, hannun kuma ko kofi ba ya riƙewa da kyau.

Mansir ya rantse ba za ta koma ƙauye ba. Daga asibiti sai gidansa.

Shi ne ɗanta na fari. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Gidan Mansir bene ne. Ɗakunan kwana da banɗakunansu duk suna sama, inda Inna ba za ta iya hawa ba. A ƙasa ɗaki ɗaya ne tal mai banɗaki, shi kuma irin na da ne: baho mai tsayi da sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka, tayil mai santsi kamar an shafa masa mai, ga ƙofa 'yar tsuku.

Da ya dubi bahon nan, sai ya ga uwarsa a kwance a ƙasa.

Akwai wani irin banɗaki da ya daɗe yana gani a waya, wanda ake yi wa tsofaffi da marasa lafiya. Ba baho, ba dandamali, ba abin tsallakawa. Daɓen shimfiɗe yake tun daga bakin ƙofa, an ɗan karkata shi kaɗan yadda duk ruwan da ya zuba zai gangara rariya da kansa. Ga ƙarfen dafawa a bango, ga kujerar wanka, ga shawa ta hannu.

Ya ce wallahi irinsa zai yi wa Inna, ko me zai ci.

Kwana goma suka rage a sallame ta.

Aka samo masa Malam Iro, wani dattijo mai aikin famfo da tayil, irin masu aikin nan da ba sa son surutu, ba sa kuma son a ce musu su yi sauri.

Malam Iro ya ga hoton, ya jinjina kai, ya ce zai yi.

Kuma ya yi, tsakani da Allah. Ya farfasa bahon ya kwashe. Ya faɗaɗa ƙofa yadda keken marasa lafiya zai wuce ba tare da ya gogi bango ba. Ya ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa yana auna gangara, ya zuba siminti, ya shafe shi da kwalta har rabin bango don kada ruwa ya ratsa ya ci gini.

Bayan nan ya toshe rariya, ya cika wurin da ruwa, ya ce kada wanda ya taɓa sai gobe. Washegari ya zo ya duba alamar da ya yi da fensir, ruwa bai ragu ko kaɗan ba. Sai a lokacin ya yarda ya fara ɗora tayil, mai kaushi, wanda ko da kumfa ba ya zame ƙafa.

Mansir kullum daga ofis nan yake fara tsayawa, ko takalmi bai cire ba. Ya ɗauki hoto, ya shafa bango, ya yi murmushi shi kaɗai.

Ban ga laifinsa ba. Mutum ne yake ganin a karon farko zai yi wa uwarsa wani abu da za ta taɓa da hannunta kullum.

Rana ta takwas aka zo kafa masai da kujerar wanka. A hoton waya duk a jikin bango ɗaya aka jera su, kuma bututun gidan ma ta bangon yamma ya fita. Komai ya zo daidai.

Malam Iro ya fita tsakar gida ya yi azahar. Da ya sallame ya naɗe buhun da ya yi salla a kai, ya dawo, sai ya tsaya a ƙofar banɗakin. Ya dubi bangon, ya waiga ya dubi inda ya fuskanta yanzun nan.

Ya ajiye sufanarsa ta ɗaure bututu.

Da Mansir ya dawo ya tarar ba a kafa komai ba, ransa ya ɓaci.

"Malam Iro, lafiya? Jibi fa za a kawo ta."

"Alhaji, in aka kafa a jikin wannan bango, duk wanda ya zauna gabas zai kalla."

"To sai me? Ai malamai sun ce in cikin gini ne babu laifi."

"Haka suka ce. Amma ba malamai ne za su shiga ba, Hajiya ce. A tambaye ta mana."

Mansir ya yi dariya.

"Malam Iro, uwata ce fa. Na fi ka saninta. Kafa kawai."

Dattijon ya ce in za a juya su kudu, kusurwa ɗaya kawai zai fasa ya sake jan bututu ta waje. Kwana uku ya isa.

Mansir ya ce ba shi da kwana uku, kuma ba ya son a ɓata masa tsarin da ya gani.

Malam Iro ya ɗauki sufanarsa ya kafa.

Yanzu bari mu dawo kan maganar ɗan fari.

Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san alkunya. Shekarar Mansir arba'in da shida a duniya, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. "Shi wancan" take cewa. In yana wuri ba ta duban fuskarsa, in za ta yi masa magana sai ta bi ta kan wani, ko da yana zaune a gabanta. Hirarsu mafi tsawo ita ce gaisuwa: an wuni lafiya, ya iyali, Allah ya yi albarka.

To mutumin da haka yake da uwarsa, ta ina zai ɗaga waya ya yi mata zancen masai?

Gaskiyar magana, ya fi masa sauƙi ya rushe banɗaki guda da ya yi wa Inna tambaya ɗaya. Sai ya lulluɓe kunyarsa da "na fi ka saninta", har shi kansa ya yarda.

Ranar Juma'a da yamma aka kawo ta.

Da aka zaunar da ita a bakin gado, abin da ta fara tambaya shi ne abin da kowace tsohuwa take fara tambaya a baƙon wuri. Ta dubi Saratu, matar Mansir, ta ce:

"'Yar nan, ina gabas a gidan nan? La'asar na neman wucewa."

Saratu ta nuna mata. Ta yi sallarta a zaune.

Mansir yana tsaye yana jira kamar yaron da ya ci jarrabawa. Tana shafa addu'a ya buɗe ƙofar banɗakin ya kunna fitila.

"Inna, ga naki. Babu abin tsallakawa. Ga ƙarfe ki dafa, ga kujera ki zauna. Wannan in kin murɗa nan ruwan ɗumi ne, ba sai an hura wuta ba."

Saratu ta riƙo ta har bakin ƙofa. Inna ta dubi tayil, ta dubi ƙarfen. Ta dubi masai da kujera a jere a jikin bango.

Sai ta juya a hankali ta dubi inda ta yi salla yanzu.

Ta sake duban masan.

Sannan ta ce da Saratu, "Ki ce masa Allah ya yi albarka. Allah ya ba shi masu yi masa."

Mansir ya ji albarkar. Waigen nan kuwa bai gan shi ba.

A ranar ya zuba hotunan banɗakin a shafinsa, da dogon rubutu kan kula da iyaye. Jama'a suka yi ta yabo. Ɗa nagari. Allah ya ƙara mana irinku. Wasu har lambar mai aikin suke nema.

Ni kaina mai ba ku labarin nan na rubuta masa "Allah ya saka da alheri", don haka ba na cire kaina.

Kwanaki suka fara tafiya.

Kullum in ya dawo aiki sai ya gaida Inna, sannan ya leƙa banɗakin. Ya ga tayil da alamar danshi ta wajen rariya, sai hankalinsa ya kwanta. Ana amfani da shi, alhamdu lillahi.

A sati na farko Inna ta ce tana azumin Litinin da Alhamis. Ba wanda ya yi mamaki, ta saba.

A sati na biyu ta ce akwai ramuwa a kanta. Sai kuma na tsakiyar wata. Sai wani da ta ce ta yi alkawarinsa tun tana asibiti.

In aka sha ruwa, Saratu ta kawo kunu da zoɓo da ruwan sanyi, Inna ta kurɓi rabin kofi ta ture. Tuwo loma uku. In an matsa mata ta ce cikin tsufa ne, ba ya ɗaukar kaya.

Ana zafin da ko mai lafiya sai ya kwana da gorar ruwa a gefensa.

Leɓenta ya fara tsagewa. Idonta ya faɗa. Ta rage magana, da ma can ba mai yawa ba ce.

Saratu ce ta fara jin wani abu a jikinta. Ran nan bayan magariba ta tare shi a matakalar bene.

"Baban Amira, sabulun da na sa wa Inna a banɗaki tun ranar da ta zo, har yau rubutun jikinsa bai goge ba."

"Ai kin san su da sabulun salo. Wataƙila nata take amfani da shi."

"Azumin nan fa? Ya yi yawa. Ka yi mata magana."

"Ni zan hana Inna ibada? Ki dai ƙara mata 'ya'yan itace."

Ya haye sama abinsa.

Jama'a, sau biyu ke nan Allah yana turo masa mai tuni. Na farko da sufana a hannu, ta biyu da sabulu.

A can ƙarshen gidan, bayan tankin ruwa, akwai wata tsohuwar shadda da leburori suka haƙa lokacin da ake ginin gidan. Ƙofar kwano, ba rufi. Shekara shida Mansir yana cewa zai rushe ta, bai samu sukuni ba. Daga ƙofar kicin zuwa can taku hamsin ne ga mai ƙafa biyu.

Rana ta ashirin da biyar, Saratu ta dawo daga makarantar da take koyarwa wajen ƙarfe biyu. Ta yi sallama a ɗakin Inna, shiru. Ta leƙa banɗaki, ba kowa.

A gindin tankin nan ta same ta.

Kwance a cikin rana, sandarta a gefe, buta ta kife, ruwan ya daɗe da bushewa.

Mansir bai san yadda ya tuƙa mota zuwa asibiti ba. Da aka gama gwaje-gwaje likita ya kira shi gefe.

"Tsohuwar nan ta yi kwana nawa ba ta shan ruwa?"

"Azumi take yi, likita."

"Da maganin hawan jini, a wannan zafin? Ƙodarta ta tsaya. Akwai kuma alamar ta daɗe tana riƙe fitsari. Gida ɗaya kuke da ita?"

Mansir ya ce gida ɗaya suke. Bai taɓa jin kunyar amsa irin ta ranar ba.

Duk da haka bai gane ba. Yana ta tambayar kansa, me ya kai Inna bayan tanki, ga banɗakinta taku huɗu daga gado? Har ya fara tunanin ko ciwon ya taɓa mata ƙwaƙwalwa.

Washegari Gwaggo Laure ta iso daga ƙauye. Ƙanwar mahaifinsa ce, kuma tun suna amare ita ce abokiyar sirrin Inna. Irin tsofaffin nan ne da ba sa tauna magana.

Ta biya gida ta ajiye kaya, ta ɗauki buta ta shiga banɗakin Inna.

Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta fito, butar a cike.

Ta ce wa Saratu a kai ta asibiti.

Ta shiga wajen Inna ta sa aka ja labule. Sun fi rabin awa suna ƙus-ƙus. Da ta fito, Mansir yana zaune a benci a baranda. Ya miƙe zai durƙusa, ta ce ya bar gaisuwar.

"Kai Mansir, matar da ko kwanciya za ta yi sai ta duba inda ƙafarta ta miƙa, ita ka kafa wa masai yana kallon alƙibla? Har da kujerar da za ta tuɓe ta zauna a kai?"

Gwaggo ta ci gaba.

"Ka manta shaddar gidanku? Mahaifinka ya gama gini, ta ce ba za ta shiga ba sai an juya matakan. Sati guda tana zuwa gidana. Kai ne ma kake riƙe mata fitila."

Ya tuna. Wallahi ya tuna, har da ƙamshin kananzir ɗin fitilar.

"Gwaggo, to me ya sa ba ta faɗa ba?"

"Ta faɗa wa wa? Kai da ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba? Ko surukarta za ta kira ta yi mata zancen bayan gida?"

Sai Gwaggo ta zayyana masa komai.

Inna ba ta taɓa zama a kan masan nan ba, ko sau ɗaya. Ba ta taɓa wanka a ciki ba. Jira take sai ya fita, Saratu ta fita, yara sun tafi makaranta, sannan ta ɗauki sanda da buta ta ja ƙafa zuwa bayan tanki. A can take biyan buƙata, a can take goge jikinta da tsumma. Tafiyar tana cin ta kusan awa guda, zuwa da dawowa, tana yi tana hutawa a jikin bango.

Ranakun da kowa yake gida, sai ta lallaɓa da asuba in ya tafi masallaci.

Da ta ga ƙarfinta ba zai kai ta sau biyu a rana ba, sai ta rage abin da zai sa ta je. Azumin ke nan.

"Amma Gwaggo, kullum ina ganin danshi a tayil."

"Buta guda take zubawa daga bakin ƙofa kafin ka dawo. Ta ce ta lura kana leƙawa. Ta ce ta ga yadda fuskarka ta yi haske ranar da kake nuna mata wurin, ba za ta iya zama ita ce ta kashe maka shi ba."

Mansir ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Babban mutum da furfura a gemu, ya kifa kai yana kuka mutane suna wucewa.

Ruwan da ta hana cikinta, shi take zuba masa a ƙasa don ya ji daɗi.

A wurin ya kira Malam Iro.

Dattijon ya zo da yamma da jakar kayan aikinsa. Mansir yana jira ya ce masa "ai na faɗa maka". Da ya faɗa ma da ya fi sauƙi.

Bai faɗa ba. Cewa ya yi, "Allah ya ba Hajiya lafiya. Kwana uku, in sha Allahu."

Kwana ukun nan dai. Su ne Mansir ya ce ba shi da su.

A ranar Malam Iro ya cire masan ya fitar da shi waje, ya kwance kujerar. Washegari ya toshe tsohon bututun da siminti, ya mayar da tayil a kai, ya wanke wurin tas. Saura ya huda bangon da za a koma.

Mansir ya koma asibiti ya durƙusa a gefen gado. Inna ta ƙanƙance a cikin zani, ga robobi a hannu. Gwaggo tana gefe da tasbaha.

"Inna, an cire. Ana juya shi kudu. Don Allah ki yafe mini."

Ba ta dube shi ba. Ko a gadon asibiti alkunya tana nan. Ta juya ido wajen Gwaggo, murya can ƙasa.

"Laure, ce masa ya daina ɓarna. Abu ya yi kyau. Ce masa ba abin da ya yi mini sai alheri."

Ya so a ce zaginsa ta yi.

Can ta motsa baki ta ce ruwa. Ya zabura ya ɗauko gora, ma'aikaciyar jinya ta riƙe masa hannu. Ta ce likita ya hana, ƙodar ba ta fitarwa, sai dai a jiƙa auduga a shafa mata a leɓe.

Haka ya yi. Ya jiƙa auduga yana shafa wa uwarsa a leɓe. Ita ce rana ta farko tun da ya yi wayo da ya taɓa fuskarta.

Ranar Alhamis da hantsi Inna Kulu ta cika.

Aka kawo ta gida kafin azahar. Tsakar gida ta cika da maza, sama ba ta hawuwa da gawa, mata suna ta shawarar inda za a yi mata wanka.

Gwaggo Laure ta tura ƙofar banɗakin ta duba. Babu masai, babu kujera. Fili ne kawai shimfiɗe, wankakke, ga ruwan ɗumi a bango.

Ta ce, "Nan ya yi."

Ƙofar da aka faɗaɗa don keke, ta nan aka shiga da ita ba tare da an gogi bango ba.

Mansir yana zaune a ƙasa a lungun da ke wajen ɗakin, yana jiran a kira su ɗauka. Yana jin ƙarar shawar hannun nan da ya zaɓa da kansa. Yana jin ruwa yana gangarawa rariya.

Ya ji Gwaggo tana cewa a miƙo sabulu. Ya san wanne ne.

Da aka gama, tsohuwar da unguwa ke kira wankan gawa ta fito tana goge hannu da gefen mayafi. Ba ta san labarin komai ba, baiwar Allah. Ta tsaya ta yi wa Saratu ta'aziyya, sannan ta ƙara da abin da take ganin zai sanyaya musu rai.

"'Yata, shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa samun wurin da ya yi mini sauƙi kamar nan ba. Ruwa ko ɗigo bai kwanta ba. Ita kam ta ji daɗin ɗa. Wanda ya yi mata wannan ya san abin da take buƙata."

Mansir yana jin ta.

Wankan Inna na farko ke nan a banɗakin da ya gina mata, kuma shi ne na ƙarshe.

Bayan addu'ar bakwai Malam Iro ya dawo ɗaukar kayan aikinsa. Ya yi gaisuwa, ya tambaya ko a mayar da masan inda yake a da, ko a bar wurin haka tunda an riga an toshe.

Mansir ya ce, "Ƙarasa. Ya kalli kudu."

Malam Iro ya ƙarasa a kwana ɗaya da rabi.

Yau wata takwas ke nan. Banɗakin yana nan a kulle, masai yana kallon kudu, tayil a bushe. Hotunan ma suna nan a shafinsa, ya kasa gogewa, ya kasa dubawa. Har yanzu lokaci-lokaci wani yakan ci karo da su ya rubuta masa, "Ɗa nagari, ya jikin Mama?"

Darasi:

In za ka yi wa mutum alheri, tambaye shi tukuna. Musamman iyayenmu. Su ba za su ce "ban so" ba. Za su sa maka albarka, su haɗiye, su cutu a ɓoye don kada ranka ya ɓaci.

Mansir bai yi rowa ba, bai yi sakaci da aiki ba. Tayil mai kyau ya sa, ƙwararre ya ɗauko. Abu ɗaya ya tsallake, tambayar mai shiga. Muna son iyayenmu, amma da yawanmu ba mu san su ba, kuma girman kai ba ya barinmu mu yarda.

In kunya ba za ta bar ka ka tambaya ba, akwai gwaggo, akwai kawu, akwai ƙawarta ta ƙuruciya. Aika su. In kuma mai aiki ko matarka suka ce maka "a duba nan", tsaya ka duba, ko da kwana uku zai ci.

Wanda tsohuwarsa ko tsohonsa ke raye, yau ka zauna kusa da su ka tambayi abin da ke damunsu a gidanka, kuma kada ka karɓi "ba komai" a karon farko.

Allah ya jiƙan Inna Kulu da namu da suka riga mu. Ka tura wa 'yan'uwanka wannan, musamman wanda iyaye ke hannunsa. Wataƙila akwai wata Inna a wani gida da ke zuba buta a ƙasa yanzu haka.